Takardar shaidar kare muhalli ta otal: tana rage hayaƙi ko allo ce kawai a bango?

Injiniya_80: Salamu alaikum. Shekara shida ke nan ina kula da lantarki da na'urorin sanyi a wani otal mai ɗaki 80. Mai wurin ya dage sai mun nemi takardar Green Key, wato shaidar kare muhalli da ake ba otal-otal, wai baƙi suna dubawa kafin su kama ɗaki. Ni kuwa da ke karanta mita kullum na san inda wutar ke tafiya: AC, tukunyar ruwan zafi da ɗakin wanki. Shi hankalinsa na kan katin tawul (mai roƙon baƙo ya sake amfani da tawul ɗinsa) da kwandon raba shara. Don Allah, akwai wanda ya ga hayaƙin otal ɗinsu ya ragu bayan samun takarda?

Mai_Shakka: Wa alaikumus salam, Injiniya. Katin tawul ɗin nan ai tsohon zance ne. Tun 1986 wani ɗan rajin muhalli, Jay Westerveld, ya yi amfani da shi wajen fallasa kamfanonin da ke fakewa da muhalli don tsimin kuɗinsu. Ko Booking.com, manhajar kama ɗakin otal ta intanet, sai da ta janye tambarinta na kare muhalli a 2024, bayan hukumar kare masu saye ta Holan ta ce yana iya ruɗar mutane. Ni dai ban yarda ba.

Hajiya_Lissafi: Malam Mai_Shakka, ba a taru aka zama ɗaya ba. Tambarin da kamfani ya laƙaba da kansa daban, wanda mai bincike daga waje ke zuwa ya duba da ido daban. Green Key tun 1994 take, daga Denmak ta faro, kuma suna aiko mutum.

Mu abin da ya amfane mu ba allon ba ne, tilasta mana rubuta lambobi da aka yi. Da muka fara raba wutar wata da yawan daren da baƙi suka kwana, sai asiri ya tonu: ɗakin taro na shan sanyi har asuba babu kowa, kuma iskar gas ta AC na zurarewa. Wannan gas ɗin, R-410A, kilo ɗaya nasa ya yi kusan tan biyu na hayaƙin kabon. Shekara da shekaru muna ƙara shi, ba wanda ya taɓa lissafawa! Amma gaskiya, ana iya samun takarda hayaƙi bai motsa ba, in ana tantance tsari ne kawai ba sakamako ba.

Injiniya_80: Hajiya, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Sau uku muka cika gas bana, ban ma sa shi a lissafi ba. Gobe zan je wa mai gida da rasit ɗin da karatun mita na wata 12, in ce a fara sa wa ɗakin wanki mitarsa daban, sannan a yi maganar cike fom.