Ba mu da teku, to ina ruwanmu da taswirar dattin kogi?

Nafissa: Salama alaikum jama'ar zaure. A Amurka, hukumar binciken ƙasa ta USGS tana da wani tsarin lissafi na kwamfuta mai suna SPARROW. Yana ƙiyasta yawan nitrojin da fosforas, sinadaran da ke cikin taki da ƙazanta, da kowane rafi ke kwasowa daga gonaki da garuruwa har ya zuba a teku. Sakamakon kuma yana kan taswira a intanet, mai kula da gaɓar teku yana buɗewa ya ga yankin da ke aiko masa da dattin. Ni dai ina ganin ya kamata hukumar ABN ta ƙasashen da suka haɗa kogin Isa, tunda cibiyarta tana nan Yamai, ta yi wa kogin Isa irin wannan, ta sake shi kowa ya gani.

Moussa: Ƙanwata, wace gaɓar teku ce a Nijar? Su can kogin Misisipi ne ke kwashe takin gonakin masara yana kai wa mashigin tekun Meziko. Gansakuka ta yi yawa, ta mutu, ta ruɓe, iskar da kifi ke shaƙa a ruwa ta ƙare. A 2017 wurin da ya mutu ya wuce murabba'in kilomita 22,000. Mu fa? Manominmu buhu ɗaya na takin 15-15-15 ma gagararsa yake. Tun taron Abuja na 2006 ake cewa a kai kilo 50 na taki a kowace hekta, ko kusa ba mu je ba. Ciwon mai ƙoshi kike so ki nemo wa mai yunwa magani.

Nafissa: Yaya Moussa, ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Kennedy ina yake zuwa? Gaya, Kainji, Lokoja, ya faɗa teku a Najeriya. Ƙasashe 9 ne a ABN. Masu gaɓar tekun suna can ƙasa, mu ne na sama da su.

Alhaji Garba: Ku bari in sa baki, ni da nake noman shinkafa a Saga. Muna zuba yuriya, ban musa ba, kuma ruwan da muke sakewa daga fadama kogi yake komawa. Amma tsorona ɗaya. Ranar da aka fito da taswira aka shafa wa Saga da Kirkissoye ja, wa za a kama? Mu. Alhali ku je bakin Gunti Yena ku tsaya. Ruwan wanka, na masai, na wanke-wanke, duk na tsakiyar gari ta nan yake gangarowa, baƙi ƙirin, wari ya hana ka tsayuwa, amma mutane na ɗibarsa suna ba salati da kabeji. Kwamfuta za ta ga wannan?

Injiniya Hadiza: Za ta gani, Baba Alhaji, in an gaya mata. A nan gizo ke saƙar. Irin wannan lissafi ba duba ba ne. Ana ba shi taswirar ƙasa, ruwan sama, yawan jama'a, dabbobi, taki, sannan a gwada abin da ya faɗa da ruwan da aka ɗebo a kwalba aka auna a ɗakin bincike, wata bayan wata, shekaru. Amurkawa sun daɗe suna wannan awon a tashoshi masu yawa, shi ya sa taswirarsu ke da nauyi. In aka tsallake awon aka fito da launuka kawai, to zato ne aka sa wa riga mai kyau. Ni ba na goyon bayan a saki irin wannan.

Nafissa: To Anti, a ɓoye ke nan har sai ya cika?

Injiniya Hadiza: A fara da kwalba. Goudel, inda ake ɗibar ruwan pampo, sai bakin Gunti Yena, sai ƙasan Saga. Da jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa, da baƙin ruwa mai zuwa daga Gini wajen Disamba da Janairu, da kuma Mayu lokacin da kogi ya ƙafe dattin ya taru. Ukun nan ba ɗaya ba ne.

Sani ɗan Sarkin Ruwa: Na karanta wa baba duk maganarku. Ya ce shi ba ya buƙatar kwamfuta ta gaya masa ruwa ya lalace. Jasint, ciyawar nan mai shuɗin fure, ita ke gaya masa: inda ta yi kauri har kwalekwale ba ya ratsawa, raga ta dawo cike da saiwa, to akwai abin da take ci a wurin. Tambayarsa, in an yi taswirar da Faransanci za ta fito?

Malam Issa: Tambayar Sarki ta fi ta kowa. Ku tuna ambaliyar 2020, da ruwa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai. Kowa ya san in ya wuce 620 an shiga ja, rediyo na faɗa da Hausa da Zabarmanci, mutane na kwashe kaya. Lamba ɗaya, launi ɗaya. Rahoto mai shafi ɗari da ke kwance a ofis ba ya hana kowa shan ruwa. Kuma yarjejeniyar ruwa da shugabannin ƙasashen ABN suka sa wa hannu a nan Yamai a 2008 ta yi maganar musayar bayanai, ba sabon roƙo Nafissa ta kawo ba. Ga cibiyar nazarin noma da ruwa da yanayi ta AGRHYMET, ga jami'ar Abdou Moumouni, masu ilimin ba su ƙare ba.

Moussa: Na yarda da batun Gunti Yena, amma ku lura, kun bar maganar taki da teku kun koma kan magudanar gari. Wannan aikin magajin gari ne da siminti, ba na kwamfuta ba.

Nafissa: Wa zai ba magajin gari kuɗin simintin ba tare da lamba a hannu ba?

Alhaji Garba: Ni dai in za a auna, a auna sama da gonata da ƙasa da ita rana ɗaya, ina tsaye. Kuma a ba ƙungiyarmu takardar kafin ƴan jarida.

Injiniya Hadiza: Wannan sharaɗin na karɓa, Baba. Na ƴan jaridar ne ban yi alkawari ba.