Tsohon Nan Mai Littattafai a Kurmi

Almajirin Jakara:
Salamu alaikum ma'abota alƙalami. Ga baitoci kan tsohon nan na kasuwar Kurmi, mai amsa ya amsa.

A Kurmi can ciki, bayan 'yan turare,
Akwai rumfar da rana ba ta leƙawa.
Gafaka bisa gafaka har rufin azara,
Ƙanshin jima da ƙaro ke tarbar kowa.
Tsoho na kan buzu yana jan carbi,
Rawaninsa fari fat, ƙura ba ta hawa.
Nan kakana ya sai Ahalari yana yaro,
Ya ce furfurar nan ce, ba ragi ba ƙaruwa.
Na je, ɗana ma ya je ya dawo,
Mu ke ta tsufa, shi ko ba ya gazawa.

Uwar Zayyana:
Ƙanena, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

Na je neman Risala bugun Misira,
Ban buɗe baki ba ya miƙo ta.
Ya ɗaga wata takarda ga hasken ƙofa,
Jinjirin wata uku a jere cikinta.
Ya ce, "Fatake suka kawo daga Tarabulus,
Raƙumi ya keta Sahara da nauyinta."
Na ce, "Baba, wa ya ba ka labari?"
Ya ce, "'Yar nan, ni na sauke ta na kwance ta."
Canjina ya haɗo da anini mai huda,
Na zura masa zare na rataya wa jikata.

Ɗan Boko:
Haba Hajiya, haba Malam! Da girmanku?

Rumfa ya hau gado a 1463,
Shi ya kafa Kurmi, kuma ya bar duniya.
Maghili ya zo Kano, ya karantar ya koma,
Kabarinsa na Tuwat, ƙasar Aljeriya.
Bature ya faɗo birni a 1903,
Shi ma ya naɗe tabarma ya kama hanya.
In su sun wuce, wane ne mai takarda?
Duk mai rai mamaci ne, ku bar tatsuniya.
Gado ne: uba ya kwanta, ɗa ya tashi,
Rawani ɗaya, buzu ɗaya, kama ɗaya.

Almajirin Jakara:
Mun san mai rai mamaci ne, yaro,
Ba mu ja da wannan, Allah ya kiyashe mu.
Amma ɗan nan da ka ce, wa ya ci sunansa?
Wa ya sallaci uban? Kawo shaida gabanmu.

Uwar Zayyana:
Ku bar shi ya je da ƙafarsa ya gano,
Gani ya kori ji, sai ya zo ya ba mu.

Ɗan Boko:
To, na je. Ku daina dariya tukuna.

Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba,
Yana feƙe alƙalamin gamba da aska.
Ya ce, "Jikan mai jima na Ƙofar Wambai?
Zauna, na daɗe ina jiran zuwanka."
Ya jawo kundi, gara ta ci gefensa,
Ajami ne ja da baƙi, ya ce, "Duba da kanka."
Na ce ban iya ba, ya yi tsaki ya karanta:
"Tawada da takarda, sule uku kan kakanka."
Na ce sule ya tafi tun 1973,
Kwabo talatin ke nan, ga dubu, ɗau rabonka.
Ya ture ta da carbi kamar ƙazanta,
"Sule aka rubuta, je ka nemo abinka."

Don Allah jama'a, duk mai tsohon sule a gida ya taimaka mini da uku. Ranar Juma'a ya ce in koma.

Uwar Zayyana:
Ina da biyu a ƙasan adaka, ɗana,
Amma ba kyauta ba, sai ka janye baitinka.