Wa Ake Kira Tsiraru a Ajin Kimiyya?

Ɗan Hausare: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, yau raina a ɓace yake. Jiya da la'asar ƙanwata ta sauko daga mota a tashar Garwa, nan arewacin Kamaru, da akwatinta da katifarta, ta ce ita da jami'a sai wata rana. Shekara ɗaya ta yi a tsangayar kimiyya, ba zan faɗi wace jami'a ba. Yarinyar nan a zama ɗaya ta ci bak ɗinta na D, wato jarrabawar gama sakandare ta ɓangaren kimiyya. Da Inna ta buɗe akwatin za ta fid da kayan wanki, sai ga farar rigar labo, ta shiga ɗakin gwaje-gwaje, a ninke, ko dauɗa ba ta yi ba. Ni na ɗinka mata ita da hannuna a shagona. Ta ce sau huɗu ta saka.

Da daddare na zaunar da ita. Ta ce ranar farko da aka ajiye mata mikroskop a gabanta, ba ta san inda ake murzawa ba, don a lisensu, wato sakandarensu, ɗakin labo ya zama wurin tara karyayyun bencina. Wadda ke gefenta kuwa, 'yar Duwala, tun tana aji biyar take taɓa shi. A amfi kuma, wato babban ɗakin lacca, idan ba ka yi sammako ba sai can baya, ba ka jin malami, sai dai ka sayi fotokofi. Ta faɗi lissafi da kimiyyar sinadarai, kuma har ta naɗe katifarta ba wanda ya kira ta ya ce me ya faru.

A Amurka akwai jami'ar Maryland da ke kusa da Baltimore. Tun 1988 suka kafa shirin Meyerhoff domin baƙaƙen fata masu son kimiyya. Kafin a buɗe makaranta ana tara yaran mako shida ana gyara musu lissafi, ana biya musu karatu, ana haɗa su rukuni-rukuni suna bita tare, kowa da malamin da ke bibiyarsa. Kizzmekia Corbett, wadda ta yi aikin rigakafin korona na Moderna, a nan ta fito. Ni dai ina cewa jami'o'inmu uku na arewa, Ngaundere da Marwa da Garwa, bashi ne a kansu su yi irin wannan shiri domin tsiraru irinmu. In ba haka ba, shiga za mu riƙa yi muna fitowa.

Ɗan Domayo: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta mafita. Amma tsaya, ɗan'uwa. Wa kake kira tsiraru? Mu? A ƙidayar 2005 jihar Arewa Mai Nisa ita ce kan gaba a jihohi goma na Kamaru, mutum sama da miliyan 3. Ka ƙara Arewa da Adamawa a kai. Ka janye kalmar nan, don da irinta ake raina mu.

Maman Biyu: Haba Yaya, ai ba yawan jama'ar gari yake nufi ba. A cikin ajin kimiyya yake nufi. Ni da na karanta aikin gwajin jini, mu biyu ne masu lulluɓi a ajinmu.

Ɗan Domayo: To ya ce "waɗanda aka bari a baya". Tsiraru daban, wanda aka danne daban. Mai yawa da aka hana shi haƙƙinsa ba ya zama kaɗan.

Malam Mai Ritaya: 'Ya'yana, ku bari in sa baki, tunda na yi shekaru ina riƙe da alli. Wannan magana ba yau aka fara ta ba. Tun zamanin Ahidjo aka kawo tsarin daidaita yankuna a konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga manyan makarantu da aikin gwamnati, kuma a rabon 1982 arewa gaba ɗayanta kashi 30 cikin ɗari aka ba ta. Da aka raba ta uku, Arewa Mai Nisa ta samu 18, Arewa 7, Adamawa 5. Amma ku lura, wannan na konkur ne. Tsangayar kimiyya ba a yi mata konkur, da bak ɗinka kake shiga. Kason bai taɓa shafar irin wannan yarinya ba. Abin da ya karya mu shi ne gyaran 1993: aka soke burs, wato kuɗin tallafin ɗalibai, aka ɗora sefa 50,000 a kan kowane ɗalibi. Mu da muka yi Yawunde kafin nan, biyan mu ake yi mu yi karatu.

Injiniya na Kayele: Allah ya gafarta Malam, da girmanka, amma kason nan shi ne ciwon da nake fama da shi. Na kwana nawa ina bita da fitilar waya kafin in ci konkur. Ranar da na fara aiki wani ya dube ni ya ce, "Kai ai na kason arewa ne." Har yau maganar tana cina. Yanzu kuma a zo a yi mana aji na musamman a rubuta "tsiraru" a ƙofa? Tambari ne za a buga mana a goshi. Amurkar da yake misali da ita ma, kotun ƙolinsu ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a 2023.

Ɗan Hausare: Injiniya, hukuncin nan a kan ɗauka ne. Ni maganar bayan an shiga nake yi. Kuma shirin Meyerhoff tun 1996 aka buɗe shi ga kowane launi.

Injiniya na Kayele: To ka ga ma su da kansu sun cire kalmar. Me ya sa kai ka ɗauko ta?

Jikan Arɗo: Ina karanta ku tun ɗazu ina jinjina kai. Kuna faɗa a kan suna, alhali masu sunan suna nan zaune. Kashi 30 ɗin da Malam ya ambata, wa ya ci? 'Ya'yan masu rawani da 'ya'yan manyan ma'aikata na cikin birni. Yaron Mbororo da ke bin shanu tsakanin Maiganga da Tibati ko takardar haihuwa ba shi da ita, balle a bar shi ya zauna jarrabawar gama firamare. Ƙungiyarmu ta Mbororo, MBOSCUDA, tun 1992 take wannan kuka. Ku ƙirga mana 'yan Mbororo nawa ne a makarantar likitan dabbobi ta Ngaundere, alhali shanun namu ne. In za a yi shiri domin tsiraru, mu ne, ba mai shago a Hausare ba.

Ɗan Hausare: Ɗan'uwa, shagon nawa keken ɗinki ɗaya ne da benci.

Ɗan Domayo: Jikan Arɗo, wa ya hana ku? Makaranta a buɗe take, ku ne ba ku zama wuri ɗaya.

Jikan Arɗo: Ka san abin da ke tayar da mu? Masu garkuwa da mutane sun kwashe mana dukiya a Adamawa shekara da shekaru. Wanda ya sayar da garkensa ya fanshi ɗansa, da me zai biya kuɗin ɗaki a Dang, inda jami'ar Ngaundere take? Kada ka sake faɗa mini haka.

Alhaji na Kasuwa: Ni abin da na gani, arnan duwatsu da na bakin kogi duk sun wuce mu a boko, su ya kamata a tambaya yadda suka yi.

Maman Biyu: Alhaji, don Allah a gyara harshe. Akwai Tupuri da Mundang da Mafa a zauren nan, tare muka yi makaranta da su. Suna da sunayensu.

Alhaji na Kasuwa: Hajiya, yabon su nake yi fa.

Ɗan Mokolo: Ba a yabo da wannan kalma, Alhaji. Kuma wucewar da kake gani, je ka Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava ka gani. Tun da Boko Haram ta fara shigowa makarantu da yawa na bakin iyaka suka rufe. A ƙauyenmu malamin da iyaye ke haɗa wa kuɗi shi kaɗai ya rage. Wanda gwamnati ta turo daga kudu wata uku ya yi ya nemi canji. Ƙanena bai taɓa samun malamin fizik na shekara cikakkiya ba, dole ya koma A4, ɓangaren adabi. Daga nan ake yanke mana hanyar kimiyya.

Alhaji na Kasuwa: To na janye. Amma ku ma in kun tashi kuna ce mana baƙi.

Ɗan Birik: Yauwa, an zo wurin. Ni a unguwar Birikitiri ta Yawunde aka haife ni, nan aka haifi babana, kakana fataucin goro ya kawo shi. Idan na cika takardar konkur aka ce jihar asali, ta iyaye ake nufi. In na rubuta Tsakiya, a ce Bahaushe ba ɗan nan ba ne. In na rubuta Arewa, a ce ban san ko hanyar Garwa ba. Mu Hausawa kowane gari muna da unguwa, amma ba mu da jiha. In wannan ba tsiraru ba ne, ku faɗa mini sunansa.

Ɗan Domayo: Kai ɗan kudu ne mai jin Hausa. Lisenku akwai labo, akwai wuta. Kada ka zo ka ci rabon yaran Kolofata.

Ɗan Birik: Subhanallahi. Yau kuma ni ne ɗan kudu?

Baƙon Njamena: Salamu alaikum. Mu 'yan Cadi da muka cika Dang da Marwa fa? A gida gwamnati ta soke burs a 2016, shi ya ƙara turo mu nan. Wanda ya yi sakandare da Larabci ya zo ya tarar da lissafi da Faransanci, wahalarsa ta fi ta kowa. In za a yi bitar mako shidan nan, a tuna da mu.

Injiniya na Kayele: Ɗan'uwa, da girmamawa, wannan maganar cikin gida ce.

Baƙon Njamena: Kuɗin hayar da muke biya a unguwanninku ba ku ce na waje ba ne. Tsakanin Kusuri da Njamena gada ce kawai.

Malam Mai Ritaya: Ku sassauta. Baƙo yana da haƙƙi.

Ɗan Domayo: Malam, ni dai abin da na sani, ba a taɓa ba mu komai don mun ce mu kaɗan ne. A 2008 da aka buɗe jami'ar Marwa, 'yan majalisarmu na arewa suka tsaya kai da fata sai an ba 'ya'yan yankin kashi 60 a makarantar horar da malamai. Da ƙarfin yawanmu suka yi magana, shi ya sa aka saurare su. Garwa da ake taƙama da ita sai 2022 ta samu tata jami'ar.

Alhaji na Kasuwa: Garwa ta haifi shugaban ƙasa na farko, kuma tsangayar likitanci a nan take. Ku riƙe malamanku.

Ɗan Domayo: Shi likitan, wa ya koyar da shi, Alhaji?

Ɗan Hausare: Jama'a, tun azahar nake kallon waya. An yi Marwa da Garwa, an yi Cadi, an yi Birikitiri. Mutum ɗaya bai tambaye ni ko yarinyar za ta iya komawa ba. Tana ɗaki tun safe ba ta ci abinci ba. Baba kuma ya fara cewa tunda boko ya ƙi, akwai mai nema. Ku kira mu duk sunan da kuka ga dama. Ni tambayata, wa zai zauna da yaro a shekararsa ta farko ya nuna masa abin da lise ba ta nuna masa ba?

Maman Biyu: Wallahi ka yi gaskiya, ƙanena. Abin da ake da shi yanzu duk na wanda ya riga ya tsallake ne. Kyautar sefa 50,000 ta shugaban ƙasa sai wanda ya ci da maki mai kyau. Cibiyar lissafi ta AIMS da ke Limbe tana ɗaukar nauyin komai, tana kuma neman mata, amma sai ka gama digirin farko. Kwamfutocin PB HEV na shugaban ƙasa da aka raba wa ɗalibai, kwamfuta ba ta tambayar ka me ya hana ka zuwa aji. Ni abin da ya tsirar da ni wata ce da ke gaba da ni da aji biyu. Duk daren Asabar take zaunar da ni a kan tabarma da tsofaffin takardun jarrabawa, in na yi kuka ta ce in share hawaye mu sake. Kuma ku maza ba ku san rabin abin ba: yarinya in ta faɗi sau ɗaya, gida ake kiran ta. Namiji ya maimaita aji sau biyu a ce yana ƙoƙari.

Injiniya na Kayele: To ka ji, Hajiya ba da wani shirin tsiraru ta tsira ba. Ƙoƙarinta ne.

Maman Biyu: Ba haka na ce ba, Injiniya. Dace na yi. Shirin shi ne a daina barin abin ga dace.

Jikan Arɗo: Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar makarantar likitan dabbobi.

Shugaban Zaure: Salamu alaikum. Dare ya yi, bari in tattara. Na farko, zaure ya gamsu cewa 'yan arewa ba tsiraru ba ne, kamar yadda Ɗan Domayo ya kawo hujja da alƙaluman ƙidaya, kuma ba wanda ya iya karya ta. Na biyu, mafi yawan masu magana sun nuna cewa shirin da aka kwaso daga Amurka bai dace da mu ba, tunda su ma can kotu ta rushe shi. Na uku, darasin Marwa na 2008 ya nuna hanya: a tsaya a kan kasonmu a konkur, a nemi ƙari. Maganganun ƙabila da na 'yan'uwanmu na Cadi ba su cikin batun, don haka ban sa su ba. Ɗan Hausare, muna taya ka jaje, a ba yarinya haƙuri, kowa da rabonsa. Zan rufe zaure sai bayan sallar asuba.

Malam Mai Ritaya: Shugaba, ni ban ce haka ba. Na ce kason bai shafi tsangayar kimiyya ba.

Maman Biyu: Kuma ba wanda ya ce kotu ta rushe shirin. Ɗan Hausare, ka roƙi Baba ya dakata da maganar mai nema zuwa watan Satumba. Ka kawo mini ita ranar Asabar bayan la'asar, ta zo da takardun da ta faɗi da rigar labon. Akwai mikroskop a wurin aikinmu, zan nemi izini.

*Jikan Arɗo ya fita daga zauren.*