Filta ta cinye min kalar hoton CCTV, a taimaka

Salam 'yan uwa masu harkar lantarki, don Allah ina neman shawara. Kyamarar CCTV ce mai tsarin bidiyo na PAL, hoton yana ɗige-ɗige kamar yayyafi, sai na haɗa low-pass filta (mai tare siginar da frequency ɗinta ya yi sama) samfurin Sallen-Key da IC mai ƙara ƙarfin sigina, LM358, a kan breadboard (allon gwajin haɗa kayan lantarki), na lissafa ta yanke a 6 MHz don kar ta taɓa siginar kala da ke 4.43 MHz. To ɗige-ɗigen ya ragu amma kala ta ɓace gaba ɗaya, fuskar mutum ma ta dushe kamar an shafa mata man kaɗanya, kuma na sa resisto 75 ohm a wajen shigar sigina da wajen fitarta. LM358 ɗin ne bai da saurin bidiyo ko breadboard ne? In na koma IC ɗin bidiyo THS7314 zai magance?