Neman kalma: katantanwar da ta zama dutse

Malama, Tudun Wada: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 8 ina da darasi, ga shi na maƙale. A kan wani dodon koɗin teku ne, Campanile giganteum, da ya rayu wajen shekara miliyan 45 baya a yankin da Faris take yau. Katantanwarsa takan fi kamu guda tsawo. Irinsa ya ƙare, sai abin da ake tonowa a ƙasa, wanda Turawa ke kira fosil. Yaya zan faɗa wa yara?

Ɗan Samaru: Burbushin halitta, Malama. Shi aka saba ji.

Malama: Burbushi ai na tuwo ne. Abin da ya fi damtsen yaro?

Baba na Kwarbai: 'Yata, rubuta kufan halitta. Ku je Turunku ku gani: mutanen gari sun tashi, ganuwa ta rage. Haka wannan, mai gida ya tafi, gidansa na nan. Na daɗe ina kiran kalmar nan.

Ɗan Samaru: Allah ya ƙara girma Baba, amma na riƙe irin waɗannan da hannuna, daga duwatsun siminti na Kalambaina a Sakkwato, inda teku ta taɓa shafewa. Da yawansu katantanwar ta narke, laka ce ta cika cikin ta daskare, ta fito da murɗinta sak. Gidan ma babu. A bar shi fosil, kamar yadda muka ari mota.

Baba: Mota baƙuwa ce ta zo mana. Wannan kuwa a ƙasarmu yake kwance, sai mu je aron sunansa?

Bakano a Sabon Gari: Kufan ko kufayin? Kuma Zazzagawan da ke cewa "katantanwa ne" su za su yanke mana kalma?

Baba: Yaro, a garin nan na Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ka iya bakinka.

Malama: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Zan rubuta kufan halitta a allo, in ce wato fosil, don da shi za su haɗu a jarrabawa.

Ɗan Samaru: Sawun ƙafa ma fosil ne, kufai bai ɗauke shi ba. Amma na gobe dai, to.

Baba: A goge "wato" ɗin nan baɗi.