Alamar wuta iri biyu a jikin kwalaben sinadarai: in haɗa su a kabad ɗaya?

Mai_koyo:
Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata makarantar sakandare ba, an kuma ɗora mini jera kwalaben sinadarai kafin ɗalibai su dawo daga hutu. Alamomin jikinsu ne suka ɗaure mini kai. Wasu murabba'i ne mai ruwan lemo, wasu fari ne da jan baki, a tsaye kan kusurwa. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa dai kowa ya san guba ne. Amma ga harshen wuta zalla a jikin itanol da asiton, ga kuma harshen wuta bisa zobe a jikin famanganet da natirik asid. Tunda duk wuta ce, in haɗa su wuri ɗaya in kulle? Sai hoton mutum mai tauraro a ƙirji da na gani a jikin fomalin, me yake nufi? Yara ne za su shigo ɗakin nan, ba na son yin aiki da ka.

Tsohon_ma'aikaci:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah kada ki haɗa su. A duk ɗakin nan, su biyun ne suka fi cancanta a raba.

Wuta zalla na nufin abin da ke cikin kwalbar yana kamawa da wuta cikin sauƙi. Wuta bisa zobe kuwa, sinadarin ba lallai ya ci wuta da kansa ba, aikinsa shi ne ciyar da wuta da oksijin, ya sa abin da ke kusa da shi ya kama ko ya ƙara ruruwa. Ɗaya itace ne, ɗaya mafici. Idan gilisarin ya zuba a kan garin famanganet, ba da jimawa ba zai yi hayaƙi ya kama, ba tare da an ƙyasta ashana ba. Natirik asid mai ƙarfi in ya gamu da itanol ko asiton, yana iya tarwatsa kwalba. Kowanne da kabad ɗinsa, kuma masu zobe kada su kusanci takarda, tsumma ko katako.

Masu ruwan lemon tsohon tsarin Turai ne. Masu jan baki su ne na GHS, tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003, alamominsa tara ne. Kwalba mai tsohuwar alama wataƙila ta jima a wurin, ki duba murfinta da kyau.

Malamar_kimiyya:
Bari in ɗauki ta mai tauraro, don ita aka fi rainawa. Ƙoƙon kai na nufin gubar da ke illa nan take, ko da kaɗan ce. Mai tauraro a ƙirji kuwa tana nuna mummunar illa ga cikin jiki, wadda sau da yawa a hankali take zuwa: ciwon daji, lalacewar hanta ko huhu, cutar da ɗan tayi, ko asma. Fomalin da benzin duk an tabbatar suna jawo ciwon daji. Mutum zai shaƙa yau bai ji komai ba, ya ɗauka lafiya lau ne, abin da ke tayar mini da hankali ke nan idan na ga ɗalibi ya kai hanci bakin kwalba.

Kuma kwalba ɗaya tana iya ɗaukar alama fiye da ɗaya. Mitanol uku gare shi: wuta, ƙoƙon kai da mai tauraro, shansa kuma yana makantarwa. Ki nemi takardar bayanin kariya ta kowane sinadari, wato SDS. Sashe 16 ne. Na 4 taimakon gaggawa, na 7 ajiya, na 10 abubuwan da ba a haɗa shi da su.

Ɗan_masana'anta:
Yaya, ki lura da na bango ma. Shuɗin da'ira umarni ne, kamar sa tabarau ko safar hannu. Jan da'ira mai sara hani ne, alwatika mai rawaya gargaɗi, kore kuma wurin tsira, kamar famfon wanke ido. In abu ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15. Wani tarko kuma: a alamar Amurka mai launi huɗu, NFPA 704, lamba 4 ce mafi haɗari, amma a rukunan GHS lamba 1 ce.

Mai_koyo:
Allah ya saka da alheri, na raba su. Saura kwalaben da takardarsu ta goge gaba ɗaya, yaya zan yi da su?

Tsohon_ma'aikaci:
Kada ki buɗe, kada ki sunsuna, kada ki juye a magudana. Ki ware su nesa da sauran, kowacce a cikin nata mazubin roba, ki rubuta cewa ba a san abin da ke ciki ba, sannan ki sanar da shugaban sashe a rubuce a nemo masu kwashe sharar sinadarai. In kin ga wani abu kamar ƙwayoyin gishiri ya taru a bakin murfi, ko ɗaga kwalbar kada ki yi.