Fitilar Fijo 504: wace ce jabu?

Mai Fijo Fara: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. 504 ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, nake ta fafutukar tayarwa. An gama bodi, an yi fenti, saura fitilun gaba. Wani mai shago ya rantse min orijina ne, ga kwali ga tambarin zaki. Da aka zo ɗaurawa ramin noti bai hau ba, abin da na ɗauka gilashi ashe roba ce. Ni dai na yanke hukunci: duk abin da ba Fijo ce ta ƙera shi ba jabu ne, kada kowa ya sa wa tsohuwar mota.

Oga Bakanike: Amin, Allah ya jiƙan Baba. Amma Alhaji, gyara maganarka. Fitilun 504 ba Fijo ce ta ƙera su ba, kamfanoni irin su Cibié da Marchal ne suka yi mata. Kafireta ma Solex ce ko Zenith. In mun bi ta taka, motar tun ranar da ta fito jabu ce ke nan.

Mai Fijo Fara: Oga, ka san abin da nake nufi.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Kalmar jabun nan ce ke ƙona mana rai mu 'yan kasuwa. Jabu shi ne wanda ya ari sunan wani ya liƙa. Sabon yi da ya fito da sunan mai shi, aka ce maka ga shi ga kuɗinsa, ba jabu ba ne. Faransa ta daina yin salun ɗin 504 tun 1983, ina kuke so mu samo muku sabuwar fitilar wancan zamani?

Baba Direba: Yaro, roba a fuskar 504 jabu ce ko wa ya yi ta. Rana ta buge ta kaɗan sai ta yi ja, da dare ba ka ganin gabanka.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Baba, da girmanka, motocin yanzu duk fitilarsu roba ce. Su ma jabu ne?

Baba Direba: Ai shi ya sa ba sa tsufa.

Oga Bakanike: Ku tsaya a amfana. Alhaji, kwali ba shaida ba ne, sitika kowa na bugawa. Ta asali sunan maƙerin a jikin gilashin yake, tare aka zuba su, in ka shafa da yatsa za ka ji tudunsa. Nemi da'ira mai E2 a ciki, alamar amincewar Faransa ce. Ɗaga ta ka ji nauyi, ƙwanƙwasa da makulli ka ji ƙarar gilashi. Sannan ka tafi da tsohuwar taka shagon, ka jera su, ka duba kunnuwan da noti ke shiga. Ko E2 ɗin ma ana kwaikwayo, don haka kada ka tsaya a kanta ita kaɗai. Turo hoton taka mu gani.

Malamin Zariya: Tambaya ɗaya, motar 'yar Faransa ce ko haɗin Kaduna? Don in haɗin Kaduna ce, maganar asali ma ba ta taso ba.

Ɗan Kakuri: Malam, janye wannan maganar! A 1975 kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna da izinin uwar kamfani, aka ci gaba da 504 har bayan shekarar 2000. Iyayenmu ne suka yi aikin. Haɗin Kaduna ce ta ɗauki gwamnoni, ita ce ta yi tasha-tasha daga Kano zuwa Maiduguri.

Malamin Zariya: Ban ce ba ta da ƙarfi ba. Cewa na yi ba ɗaya suke ba.

Ɗan Kakuri: Ka taɓa kwance su biyun ka gwada?

Malamin Zariya: Kawuna ya riƙe 'yar Faransa, ko rufe ƙofarta daban yake.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ku 'yan Kaduna komai sai kun ce naku ne, amma in kaya ya yanke muku Kano kuke zuwa.

Ɗan Kakuri: Kasuwar Panteka ta ishe mu. Kuma ba a wajenmu aka sayar wa Alhaji roba ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ya ce maka a Kano ya saya?

Mai Fijo Fara: Jama'a, ni fa kuɗina nake so a dawo min. Ya zan yi da mai shagon?

Baba Direba: 404 ma ta fi 504 ɗin da kuke ta hayaniya a kai.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Abin da aka cim ma shi ne, haɗin Kaduna Fijo ce cikakkiya, wannan babu ja, kuma Malam bai kawo hujja ba. Sabon yi kuwa, ko me 'yan kasuwa za su kira shi, ba ya kama ƙafar na asali. Gara tsohuwar fitilar Beljiyam mai gilashi ko da ta ɗan dushe. Alhaji, ka turo hoton da Oga ya nema, ka kuma same ni bayan Magariba, na san mai tsofaffin fitilu a Panteka.